Gem Ɗin Da Babu Shi: Yadda Na Gina "The Bishop of Battle" A Matsayin Firojet Ɗina

Ranar da na kai wa malamin da ke duba firojet ɗina taken aikin da nake son yi, sai da ya karanta takardar sau biyu kafin ya ɗago kai. Ya ce, "Wannan gem ɗin da kake cewa za ka sake ginawa, ina asalinsa yake?" Na ce, "Malam, ai babu shi. A cikin fim kawai yake." Ya ajiye biro ya ce, "To kai me za ka kwafa? Abin da babu shi ake sake ginawa?" 'Yan ajinmu biyu da ke jiran layi a ofishin suka kwashe da dariya. Su dai ɗaya ya kawo manhajar rijistar ɗalibai, ɗaya ta lissafin kantin magani, nan take aka sa musu hannu. Ni kuwa mako guda aka ba ni in dawo da amsa mai gamsarwa, in ba haka ba in zaɓi ɗaya daga cikin taken da aka manna a allon sanarwa.

Wata biyar ke nan da yin wannan magana. Gem ɗin yanzu yana aiki, difens ɗina saura mako uku, kuma tambayar Malam ita ce ta zama ƙashin bayan aikin gaba ɗaya. Na rubuta wannan ne domin 'yan uwana ɗalibai, musamman 'yan ajin farko na sashen kwamfuta da za su zaɓi nasu firojet ɗin baɗi, su ga yadda ake ɗauko abin da aka gani a allo kawai a mayar da shi abin da hannu zai iya bugawa.

Fim ɗin da kansa

Sunan fim ɗin Nightmares, wato munanan mafarkai. Kamfanin Universal na Amurka ne ya fitar da shi a 1983, Joseph Sargent ya ba da umarni. Gajerun labarai huɗu ne na ban tsoro a cikin fim ɗaya, na biyun shi ne "The Bishop of Battle". Kalmar bishop muƙami ne na babban malamin coci, amma labarin ba ruwansa da coci. Sunan ubangidan da ke cikin gem ɗin ne kawai, wata fuska da aka zana da layukan haske, mai magana da muryar isa.

Emilio Estevez ne jarumin, lokacin yana matashi. Ya fito a matsayin J.J. Cooney, yaron da ya ƙware a gem har yana cin kuɗin mutane da shi: sai ya yi kamar bai iya ba, a sa kuɗi, sannan ya lallasa abokin karawarsa. Gem ɗaya ne ya gagare shi. Yana da matakai 13, kuma a cikin waɗanda ya sani babu wanda ya taɓa ganin na ƙarshen, har wasu na cewa ƙarya ne, babu shi. J.J. kullum a na 12 yake mutuwa. Karatunsa ya lalace, iyayensa suka hana shi fita. Cikin dare ya sulale, ya fasa gidan gem ɗin, ya yi ta bugawa har ya tsallake na 12. Daga nan akwatin ya tarwatse, abokan gaban da ke cikin allo suka fito fili suna shawagi a ɗakin, shi kuma yana harbinsu da bindigar da ke jikin na'urar. Washegari da aka zo nemansa, sai aka tarar da akwatin lafiya lau kamar ba abin da ya same shi, J.J. kuma yana ciki, ya zama ɗan mutumin da ake bugawa da shi.

Wanda ya saba da gidajen gem namu, inda ake zama a benci gaban talabijin a biya kuɗin wasan ƙwallo ɗaya a PlayStation, sai ya ɗan sauya tunani. A Amurka ta wancan lokaci kowane gem akwatinsa daban ne, dogo kamar firji, da allonsa da maɓallansa. A tsaye ake bugawa. Za ka jefa kuɗin ƙarfe na santi 25, ka buga har rayukanka su ƙare, in kana son ƙari ka sake jefawa. Ribar mai gida tana cikin mutuwarka da wuri, amma kada ka mutu da wuri har ka yi zuciya ka tafi. Duk wanda zai gina irin wannan gem dole ya riƙe wannan a ransa.

Abin da ke cikin fim ba gem ba ne

Ga amsar da na kai wa Malam bayan mako guda. Abin da ake gani a allon akwatin nan hoto ne mai motsi da aka shirya tun kafin a ɗauki fim ɗin. Ɗan wasan yana jujjuya bindiga yana zufa, hoton kuma yana tafiya yadda aka tsara shi, ko ya danna ko bai danna ba. Babu doka a bayansa. Ba wanda ya taɓa zama ya yanke shawarar harbi nawa ke kashe abokin gaba, ko maki nawa ake samu, ko me zai faru in ɗan mutumin ya bugi bango, domin labarin bai buƙaci haka ba. Ga shi kuma kyamara ba ta daɗewa a kan allon. Daƙiƙa kaɗan sai ta koma kan fuskar J.J., kuma matakai da yawa tsallake su ake yi.

Don haka aikin ya kasu gida uku, kuma haka na raba littafina. Shafi na farko: abin da na gani da idona a fim. Shafi na biyu: abin da ban gani ba amma za a iya hasashensa daga gem ɗin gaske na wannan zamani. Shafi na uku: abin da ni na ƙirƙira da kaina. Dokar da na kafa wa kaina ita ce, na uku ba zai taɓa saɓa wa na farko ba, kuma duk abin da na saka a na biyu sai na faɗi gem ɗin da na aro shi. Malam ya duba ya ce, "Yanzu ka fara magana. Wannan shi ake kira tantance buƙatun manhaja, abin da na koya muku kuna barci." Ya sa hannu.

Shafin farko na cika shi da manhajar VLC. In ka tsayar da bidiyo ka danna harafin E, sai ya matsa gaba da hoto ɗaya tak. Fim yana tafiya ne da hotuna 24 a kowace daƙiƙa, saboda haka in abokin gaba ya ratsa allo cikin hotuna 48, ka san daƙiƙa biyu ya ɗauka. Da haka na auna gudun abubuwa, na zana siffofinsu a takarda mai layin murabba'i, na lura da launuka. Abubuwan da suka tabbata su ne: matakai 13, fuskar ubangidan da ke yi wa ɗan wasa magana, fili mai lunguna masu ruɗarwa kamar na cikin tsohon birni, abokan gaba masu shawagi, da bindiga a hannu. Shafi na farko shi ne mafi gajarta a littafin. Wannan ya ɗan karya mini gwiwa da farko, daga baya na gane nan ne aikin yake.

Ba ni ne farkon wanda ya shiga irin wannan ba. Fim ɗin Tron na 1982 yana da gem na ƙage mai suna Space Paranoids. The Last Starfighter na 1984 labarinsa gaba ɗaya a kan akwatin gem ya ginu, kamfanin Atari ya fara aikin yin na gaske amma akwatin bai taɓa shiga kasuwa ba. Disney kuwa da suka yi Wreck-It Ralph a 2012, sai da suka ƙera Fix-It Felix Jr. na gaske wanda mutane suka buga. Bambancin kawai, su suna da ma'aikata da kuɗi, ni kuma tsohuwar laftof gare ni wadda batirinta ba ya kai awa ɗaya.

Zane da layin haske

Abu na farko da ido ke kamawa a gem ɗin fim ɗin shi ne siffarsa: baƙin allo da siraran layuka masu ƙyalli. Wannan kwaikwayon wani nau'in allo ne da aka yi yayinsa a lokacin. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana zana hoto ne layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa, kamar mai sharar tsakar gida, ko akwai abin zanawa a wurin ko babu. Amma allon Asteroids, wanda Atari ya fitar a 1979, ba haka yake ba. Tsinken hasken da ke cikinsa yana tafiya ne kai tsaye daga wannan ɗigo zuwa wancan, kamar biro a hannun mai zane. Shi ya sa layin ke fita sumul, da haske mai ƙarfi. Battlezone na 1980 da Star Wars na 1983 duk haka suke, Tempest na 1981 kuma ya zo da launuka. Waɗannan su ne malamaina a shafi na biyu.

Ni da harshen Python na yi aikin, tare da Pygame, dukkansu kyauta ne. Allon laftof ɗigo-ɗigo ne, ba zai iya wancan zanen ba, sai dai a yaudari ido. Dabara biyu na yi. Ta farko, kowane layi sau uku nake zana shi a wuri ɗaya: mai kauri da dusasshen launi a ƙasa, matsakaici a kansa, sannan siriri mai kusan fari a tsakiya. Sai ka ga kamar layin yana fitar da haske. Ta biyu, maimakon in goge allon tas kafin sabon hoto, sai in shimfiɗa masa baƙi mai shara-shara. Tsohon hoton ba ya ɓacewa nan take, yana dusashewa ne a hankali, sai abu mai gudu ya riƙa barin jela a bayansa, kamar yadda sinadarin da ke jikin tsohon allo ke riƙe haske na ɗan lokaci.

Sai batun zurfi, wato yadda abu zai zama kamar yana nesa ko kusa a shimfiɗaɗɗen allo. Wallahi na ɗauka wani babban sirri ne, ashe rabawa ce kawai. Kowane ɗigo yana da lambobi uku: gefe, sama, da nisa. Ka raba na gefe da na sama da nisan, shi ke nan. Ɗigon da ke 100 a gefe, in nisansa 2 ne, zai bayyana a 50. In ya koma nisan 4, sai ya dawo 25, ya matso tsakiya, abin ya ƙanƙance. Juyawa kuma da sine da cosine ake yinta, waɗannan dai da muka haddace a sakandare muna tambayar amfaninsu a rayuwa. Ranar da filin dagana ya fara juyawa a allo, na tashi abokin ɗakina daga barci ƙarfe biyun dare don ya gani. Bai ji daɗi ba.

Abokan gaba, da ranar da wuta ta tona mini asiri

Fim bai faɗi yadda abokan gaba ke tunani ba, don haka na je makarantar Pac-Man, wanda kamfanin Namco na Japan ya fitar a 1980. Dodanni huɗun da ke cikinsa kowanne da halinsa. Ja yana bin ka kai tsaye. Mai ruwan hoda yana nufin gidaje huɗu a gabanka don ya tare ka. Shuɗin yana duba inda kake da inda jan yake kafin ya zaɓi hanya. Mai ruwan lemo yana bin ka, amma da ya matso kusa sai ya juya ya nufi kusurwarsa. Dokoki ne masu sauƙi, amma in sun haɗu sai ka rantse shawara suke yi a kanka. Nawa abokan gaban iri uku ne a kan wannan tsari: mai bi, mai tarewa, da mai laɓewa a lungu har sai ka juya baya.

Wahalar matakai kuma lissafi ce. Da farko na ce kowane mataki ya fi na baya gudu da kashi 20 cikin 100. Ban lura cewa ƙari ne a kan ƙari ba. Kafin a kai na 12 gudun ya ninka sama da sau bakwai, ko aljani ba zai iya ba. Na rage zuwa kashi 8, wanda ke sa na 12 ya ninka na farko sau biyu da ɗan ɗoriya. Sannan mutum yana buƙatar wajen rubu'in daƙiƙa tsakanin ganin abu da motsa yatsa, saboda haka na sa kowane abokin gaba ya yi walƙiya na rabin daƙiƙa kafin ya yi harbi. Ɗan wasa zai yafe maka in ya mutu saboda sakacinsa. In kuwa ya ji zaluntarsa aka yi, ba zai dawo ba.

Akwai wani kuskure da ya kusa haukata ni. 'Yan hostel ɗinmu da nake ba su gwaji, wasu su ce gem ɗin ya yi sauƙi, wasu su ce ba ya buguwa, alhali ban canza komai ba. Sai da na fara rubuta lokacin da kowa ya buga sannan na gano. Waɗanda suka ce da sauƙi, duk lokacin da aka ɗauke wuta suka buga. Laftof in ta koma kan batiri tana rage ƙarfin aikinta don ta tsimi caji, sai hotunan da take zanawa su faɗo daga 60 a daƙiƙa zuwa ƙasa da 40. Ni kuma na rubuta cewa abokin gaba ya matsa taku kaza a kowane hoto. Hotuna sun ragu, gudu ya ragu. Maganin shi ne a daina ƙirga hoto, a koma ƙirga lokaci: a auna daƙiƙar da ta wuce tun hoton baya, a ninka gudun da ita. Layi kaɗan na gyara, amma kwana tara na yi ina nemansu.

Abin da ya sanyaya mini rai shi ne, irin wannan ya taɓa faruwa da manya. A Space Invaders na 1978, dodanni 55 ne ke sauka daga sama, kuma suna ƙara gudu yayin da kake kashe su, saboda na'urar tana samun sauƙin aiki in sun ragu. Tomohiro Nishikado da ya ƙirƙire shi ya ga abin ya ƙara wa wasan armashi, sai ya bar shi haka. Nawa dai bai ƙara armashin komai ba, gyara shi na yi.

Bindiga

Waɗanda suka taso da gem mai kaset za su tuna bindigar harbin agwagwa. Da ka ja kunama, allon yana yin baƙi na ƙiftawar ido, sannan farin murabba'i ya bayyana a inda agwagwar take. Idon da ke cikin bindigar in ya ga baƙi sannan ya ga fari, to ka samu. Wannan dabara ta dogara ne da saurin tsohuwar talabijin mai ƙeya. Allon zamani yana ɗan jinkiri kafin ya nuna hoto, shi ya sa waccan bindiga ba ta aiki da shi.

Ni sai na sayi bindigar roba irin ta yara da ake sayarwa lokacin sallah, na buɗe cikinta. Na saka ɗan allon lantarki na Pro Micro, wanda kwamfuta ke iya ɗaukarsa a matsayin linzaminta in an jona shi ta USB, da wata 'yar na'ura mai suna MPU-6050 da ke jin juyawar hannu. Ka karkata bakin bindiga hagu, alamar saiti ta yi hagu. Matsalarta ɗaya: ƙananan kurakuran awo suna taruwa, bayan 'yan mintuna sai ka ga kana nuna tsakiya alamar tana can gefe. Na ƙara maɓalli a ƙarƙashin babban yatsa wanda ke dawo da ita tsakiya.

Shawara ga duk mai son yin irin wannan: ka yi wa bindigar fenti. Tawa baƙa ce da wayoyi a jiki, kuma a halin da ake ciki na tsaro, ba abin da za ka saka a jaka ka ratsa ƙofar makaranta da shi ba ne. Wata rana sai da na yi kusan rabin awa ina bayani a bakin get, da katin shaida da takardar firojet a hannu. Gaskiyarsu ne, aikinsu suke yi. Washegari na yi mata fenti ruwan ɗorawa, na karɓi takardar sashe mai hatimi na ajiye a jakar.

Mataki na 13

Duk abin da na faɗa a sama aikin hannu ne, wanda ya dage zai yi. Inda na tsaya cak shi ne mataki na 13. A fim, wannan matakin ba a cikin allo yake ba. Akwati ne ke fashewa, gem ya fito duniya, ya haɗiye yaron. Python ba ta da umarnin da zai yi wannan.

Na duba yadda gem ɗin gaske na lokacin ke ƙarewa, sai na tarar yawancinsu ba su da ƙarshe, wasu ma lalacewa suke yi. Pac-Man yana ajiye lambar mataki ne a ma'aji mai ɗaukar 0 zuwa 255 kawai. Da an kai mataki na 256 sai lissafin ya kife, rabin allon na dama ya cika da haruffa da tarkace, ba a iya wucewa. Donkey Kong na Nintendo, na 1981, a mataki na 22 lissafin lokaci ke kuskurewa, a ba ka daƙiƙu kaɗan da ba za su isa ba. Waɗanda suka rubuta su ba su zaci wani zai kai nan ba. Na yi tunanin in kwaikwayi wannan, allo ya rikice kawai. Abokin ɗakina kuma ya ce in saka babban dodo a yi ta fafatawa, in ka kashe shi a rubuta maka barka. Duka biyun sun saɓa wa shafina na farko. A fim ba a cin Bishop, kuma tsoron da ke cikin labarin ba na dodo ba ne.

Na san haka ne saboda na taɓa zama J.J. A semistar farko ta ajin farko, akwai wani gidan gem a bayan makaranta da na fi zama a cikinsa fiye da ɗakin lakca. Kullum maganar ɗaya ce, bari in rama wannan in tashi. Sakamako ya fito da kariyoba biyu. Da na je gida hutu, Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya riƙe takardar ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ka san buhun masara nawa na sayar na biya wannan?" Na yi shiru. Ya ce, "To ni na sani." Ya miƙo mini takardar ya shiga ɗaki. Lokacin da na fara kallon fim ɗin bayan shekara guda, dodannin ba su ba ni tsoro ba, zanensu ma dariya yake ba yaran yanzu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yaro tsaye shi kaɗai cikin dare gaban allo, ya tabbata cewa saura ƙiris.

Ga abin da na yi. In ka tsallake na 12, allon yana yin baƙi. Kyamarar laftof ta ɗauki hotonka. Da manhajar OpenCV nake bi ta kan hoton da wata dabara da John Canny ya wallafa a 1986, wadda ke gano wuraren da haske ya canza farat ɗaya, wato gefen fuska, ido, hanci da baki, ta zubar da sauran. Abin da ya rage layuka ne zalla, sai in zana su da kore mai ƙyalli irin na ubangidan. Fuskarka ce za ta cika allon a inda tasa take fitowa. Daga nan ta riƙa ƙanƙancewa har ta zama kan ɗan mutumin da ke cikin lunguna, yana gudu shi kaɗai, bindiga ta daina amsa maka. A ƙasa kuma a rubuta jimillar awoyi da mintunan da ka kashe tun ranar da ka fara shigar da sunanka. Sannan gem ɗin ya rufe wa wannan sunan ƙofa har sai gobe.

Wata 'yar ajinmu ce ta ja hankalina a kan abin da ban yi tunani ba. Ta ce, "Wato hoton mutum za ka ɗauka ba da saninsa ba? Ina yake zuwa?" Gaskiya ta faɗa. Yanzu tun a farko gem ɗin yana tambaya ko ka yarda a yi amfani da kyamara, in ka ƙi sai ya yi amfani da harafin sunanka. Hoton kuma ba a ajiye shi a ko'ina, da an kashe ya tafi. Wannan ya rage ba-zatar, amma na gwammace haka.

Kafin ka fara naka

Labarin da sunan gem ɗin mallakar masu fim ne. Nawa aikin makaranta ne, ba na sayarwa ba, kuma ban yanko murya ko kiɗa ko hoto ko ɗaya daga fim ɗin ba. Muryar ubangidan ma ta abokin ɗakina ce, na ƙara mata kauri da Audacity, kuma da Hausa yake yi wa mutum barazana. In kana da niyyar saka irin wannan a kasuwa, ka canza suna da siffa ya zama naka.

Ka fara da ƙaramin abu. Satina na farko ɗigo ɗaya ne kawai ke motsi a baƙin allo. Ka riƙa ajiye kwafin aikinka a wuri biyu, filasha da intanet, don laftof ba ta sallama in za ta mutu. Ka ba mutanen da ba sa jin kunyarka su gwada, ka zauna a bayansu ka yi shiru, kada ka ce musu "ai ba haka ake yi ba". In sun ruɗe, laifin gem ɗin ne. Kuma ka riƙe littafi mai shafi uku ko da firojet ɗinka na lissafin kantin magani ne, domin ranar difens tambayar da za a yi maka ke nan: wanne ka gani, wanne ka aro, wanne ne naka?

Gem ɗin yana ɗakin kwamfuta na sashenmu duk ranar Laraba bayan la'asar, in akwai wuta. Zuwa yanzu mutum ɗaya ne ya kai mataki na 11, wani ɗan sashen injiniyan lantarki, kuma na lura ya fara zuwa tun kafin a buɗe ɗakin. Na riga na gaya masa jarrabawa saura wata guda. Ni kaina ban taɓa wuce na 10 da hannuna ba, na 13 ta bayan gida nake shiga don gwaji. Malam ya ce ranar difens shi zai fara riƙe bindigar, kuma in ta karkace a hannunsa maki biyar sun tafi. Ku sa ni a addu'a.